RIGAR ALMINIYON: TAMBAYAR DA BA MU YI WA ƊAN KWANGILA



Masu jiran ci gaban labari su yi mini haƙuri, yau ba hirar soyayya na zo da ita ba. Maganar gini ce, kuma na san akwai masu cewa ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mai rubuta littattafan hira da aikin injiniyoyi. To ruwana a ciki shi ne, waɗannan gine-gine da zan yi magana a kai ni ma ina shiga cikinsu, iyalina suna shiga, kai ma mai karatu kana shiga ka bi layi ka zauna na awa biyu ko uku. Wanda duk zai zauna ƙarƙashin rufi yana da bakin tambayar da me aka yi rufin.

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela a 'yan shekarun nan, ya ratsa ta Kware da Gwadabawa, ya ga yayin da ake yi. Gidan mai, banki, jerin shaguna, ofis, da zarar an gama ɗora bulo sai a kawo wasu faranta masu sheƙi, ja ko shuɗi ko ruwan azurfa, a lulluɓe fuskar ginin da su tun daga ƙasa har sama. Kwana uku sai ka ga wuri ya koma kamar an ɗauko shi daga Dubai an dasa. Masu aikin suna kiran abin Alucobond. Asali wannan sunan kayan wani kamfanin Turai ne da ya fito da shi tun 1969, amma yanzu kowane irin faranti haka ake ce masa, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo, kowane ɗanɗanon miya Maggi. Saboda haka in na ambaci sunan, ba da wancan kamfani nake ba, da abin da ake sauke mana a kasuwa nake.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, har da masu biyan kuɗin, shi ne wannan faranti ba alminiyon ba ne zalla. Ka samu guntun da aka yanke aka yar, ka dubi bakinsa. Za ka ga fallen alminiyon siriri a sama, wani a ƙasa, a tsakiya kuma wani abu mai kauri wanda shi ne mafi yawan jikin farantin. A mai kyau, kaurinsa duka milimita 4 ne, kowane fallen alminiyon rabin milimita, ragowar 3 ɗin na tsakiya ne. A na araha fallen bai kai ko rabin haka ba. To shi wannan na tsakiyar kala-kala ne. Akwai wanda kusan dukkansa garin ma'adinai ne da wuta ba ta ci, akwai wanda aka gauraya garin da roba don ya rage saurin kamawa, sannan akwai na ukun, mafi araha, wanda roba ce tsantsa, irin robar da ake yin leda da jarka da ita. Daga man fetur da iskar gas ake samo ta, kuma kilo guda nata in ya ƙone, zafin da yake bayarwa bai da wani nisa da na kilo guda na fetur. Daga waje kuwa duk ukun kamarsu ɗaya, sheƙinsu ɗaya. Kyan ɗan maciji ke nan.

Yanzu ina tambaya, cikin alhazan da suka sa wa gine-ginensu wannan riga, mutum nawa ne ya taɓa cewa ɗan kwangila, "Wane iri ne a tsakiya?" Cinikin da na sha ji da kunnena bai wuce kala da kuɗi ba. Ɗan kwangila ya buɗe ɗan littafin kaloli, ya ce, "Alhaji, wanga shi a yayi, shi ka tashi Abuja." Alhaji ya ce, "Nawa za ka rage?" Shi ke nan an gama. Kuma ai kowa ya san in mai saye ragi kawai yake nema, mai kawo kaya ya san inda zai fanshe. Ba zai fanshe a fuska ba tunda ita ake gani, a ciki zai fanshe.

Bari in koma baya kaɗan, domin ita kanta dabarar ba ta banza ba ce, kuma ba na son a ce na yi mata ƙazafi. Mutanen ƙasashen sanyi irin su Norwe da Kanada ne suka inganta ta. Su matsalarsu ruwa ne mai tafe da iska, yau yayyafi gobe yayyafi, bango ba ya samun sararin bushewa. Sai suka ce a yi wa gini riga ta biyu. Bangon gaskiya yana ciki, a bar rata ta 'yan yatsu, sannan a rataya faranti a waje, a bar kafa a ƙasa da sama. Ruwa ya doki farantin ya gangara, ɗan wanda ya kutsa ya tsiyaye ta ƙasa, iska kuma ta riƙa ratsa ratar tana busar da bango. Rigar ruwa ce aka ɗinka wa gini, ba wani abu ba.

Mu kuma a Illela fa? Daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce, in ta yi kyau. Ragowar wata takwas rana ce da ƙura. A bazara, Maris zuwa Mayu, zafi ya kan haura digiri 40 a inuwa. Abokin gabar bangonmu rana ce, sai hunturu da ke busar da komai ya mai da shi makamashi. Duk da haka, da a ce ana yin aikin yadda masu shi suka tsara, da ya yi mana rana ta wata fuska, domin farantin zai zama laima ga bango, iska mai zafi ta hau ta ratar ta fice ta sama. Amma je ka tsaya inda ake aikin ka gani. Mai walda ya kafa ƙarafa a jikin bulo, a ɗaure faranta, sannan a bi duk wata kafa a toshe da gam don kada a ga layi. Ba mashiga, ba mafita. An ɗauki rigar ruwa an mai da ita tanda. In kuma Alhaji ya zaɓi baƙi ko shuɗi mai duhu don ya fi kwarjini, to da azahar ko tafin hannu ba ka iya ɗorawa. Sai a cika ofis da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma tana son wuta, wutar kuma kowa ya san halinta, sai janareta, sai jarkokin mai a bayan gini. Ku riƙe maganar jarkokin nan, zan dawo kanta.

Shekara biyu ko uku, rana ta cinye gam ɗin ya tsattsage, ja ya koma kalar ƙasa, ƙura ta shige bayan faranti ta kwanta. Ƙadangare, ɓera, jemage da rina duk sun samu gidan da ba haya. In guguwar farkon damina ta ɓalle faranti guda, sai ya zauna a haka kamar mai giɓi, domin irin kalar ta ƙare a kasuwa, wanda ya yi aikin kuma ya koma garinsu. Duk wannan asarar dukiya ce, mai ita ya jiyo. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne wuta.

A daren 14 ga Yuni 2017, cikin watan azumi, wuta ta tashi daga firij a wani gida da ke hawa na huɗu na wani dogon bene mai hawa 24 a birnin Landan, ana ce masa Grenfell. Wutar kicin ce, irin wadda 'yan kwana-kwana suke kashewa kullum. Amma sai ta leƙa ta taga ta samu rigar da aka sa wa benen shekara guda kafin nan. Alminiyon yana narkewa a digiri 660, wutar ɗaki kuwa tana wuce haka. Fallen ya saki, robar ciki ta narke tana ɗiga tana ci, ratar da ke bayan faranti ta zama zuga-zugi tana jan wutar sama. Cikin ƙasa da rabin sa'a ta kai ƙololuwar ginin. Mutum 72 suka rasu, da yawansu Musulmi ne, wasu gida guda aka rasa gaba ɗaya. Wasu da suka tsira, zaman jiran sahur ne ya sa wutar ta same su ido biyu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Gwamnatin Ingila ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Sir Martin Moore-Bick, wanda ya miƙa rahotonsa na ƙarshe a watan Satumba 2024. Binciken ya tabbatar da cewa farantin mai roba a tsakiya, wanda kamfanin Arconic ya yi, shi ne babban abin da ya yaɗa wutar, kuma kamfanin ya san haɗarinsa tun shekaru kafin nan ya ɓoye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da fari wani ƙarfe daban aka tsara za a sa, sai aka canja zuwa wannan don a rage kuɗin aiki da abin da bai kai fam dubu 300 ba. Wato can ma "nawa za ka rage" ce ta yi aiki. Kuma ba Landan kaɗai ba. A Melbon ta Ostareliya, a 2014, guntun sigari da aka bari a baranda ya kunna wa wani bene irin wannan wuta. A Dubai ɗin da muke kwaikwayo, otal ɗin Address ya kama a daren shiga shekarar 2016 duniya tana kallo a talabijin, benen Torch kuwa sau biyu ya kama, 2015 da 2017. A Balensiya ta Sifen, Fabrairu 2024, mutum 10 suka tafi.

Na san amsar da za a ba ni, don an taɓa ba ni ita. Wai waɗancan dogayen benaye ne, mu namu hawa ɗaya ne ko biyu, kafin wuta ta yi nisa kowa ya fita. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, tsawo yana ƙara haɗari, ban musa ba. Amma su Turawan da abin ya faru a kansu, da fari a 2018 sun hana kayan da ke cin wuta a benayen kwana da suka wuce mita 18, daga baya a 2022 suka ga bai isa ba, suka hana wannan faranti mai roba tsantsa a kowane sabon gini komai gajartarsa. Su da suke da motar kashe gobara a kowace unguwa da famfon ruwa a bakin titi ke nan.

Mu kuma mu dubi namu benen mai hawa biyu tsakani da Allah. Matakala guda ce, kuma sau da yawa ƙarƙashinta ne ma'ajiyar kwalaye. Kowace taga an yi mata ƙarafa saboda ɓarayi, ko kyanwa ba ta fita. Wayoyin wuta ta bayan farantin ake bi da su don kada su ɓata ado, har da na fitilun allon suna. Ga janareta jingine da bango, ga jarkokin nan da na ce ku riƙe. Illela garin iyaka ne, ba sai na gaya wa kowa yadda fetur yake kwana a jarka a wannan yanki ba. Sannan abin dariya abin kuka, inda aka fi son wannan riga shi ne rumfar gidan mai, daidai saman famfo. In abu ya faru cikin hunturu, iska tana kaɗawa, kuma ya zama sai an jira agaji daga birnin Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai ce. Wanda ya ga yadda babbar kasuwar Sakkwato ta ci wuta a Janairu 2021, a tsakiyar birni inda hukuma take, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ba sai gini ya kai hawa 24 hayaƙin roba yake kashe mutum ba, ɗaki guda mai ƙarafa a taga ya isa.

Akwai kuma wata ɓarna da rigar take rufewa, wadda mu masu sana'ar littafi mun fi kowa saninta. A kasuwar littafi an daɗe da gane cewa bango shi ke sayar da kaya. A samu hoto mai kyau, kala ta fito, ciki kuwa takarda kamar ta ƙunshin ƙosai, shafi na 40 ya ɓace, na 12 ya fito sau biyu. Bambancin kawai, wanda ya sayi irin wannan littafi ɗan canjinsa ya yi asara. Shi gini fa? Da can in magini ya yi bango a karkace, ko ya ƙwange siminti, duk mai wucewa yana gani, kunya ma ta isa ta sa ya gyara. Yanzu ko an yi bulo da yashi zalla, ko ba a yi shafe ba, ko ginshiƙi ya tsage, faranti ya rufe. In tsagar ta ƙaru bayan shekara biyar ba mai gani, sai ranar da ta gaji. Ban ce duk ginin da aka sa wa riga ruɓaɓɓe ne ba. Na ce an ɗauke wa jama'a idon da suke tantancewa da shi, kuma ba a ba su wani a madadinsa ba. In ginin na hukuma ne abin ya fi muni, domin ranar buɗewa sheƙi ake nuna wa manyan baƙi, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a biya ɗan kwangila.

Kuɗin kuma ina suke tafiya? Kusan duk farantan nan daga waje ake shigo da su, Sin ko Dubai, a sauke a Legas, a ɗoro mota har iyakar Arewa. Da dala ake sayensu, dalar da kafin Yuni 2023 take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ƙasar da ta gina katafaren kamfanin narkar da alminiyon a Ikot Abasi, ya fara aiki a 1997, ya tsaya a 1999, aka sayar wa Rashawa a 2007, aka shiga shari'a, ya sake tsayawa, ita ce take sayo ado na alminiyon daga ƙetare. Ko siminti ne dai, ga Kalambaina nan kusa, ɗan Sakkwato yana cin abinci a ciki. Wannan kuwa, maginin Illela ba ya samun ko sisi, sai dai yaron da aka ba riƙon tsani.

Za a ce to me nake so, a koma ginin laka? Ku tsallaka Ƙonni mana, ku nausa cikin jihar Tawa. A ƙauyen Yama akwai masallacin Juma'a da wani magini Bahaushe, Alhaji Falke Barmu, ya fara ginawa da ƙasa a 1962, wanda a 1986 ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini na duniya. Turawa suna tasowa takanas su zo kallonsa. In an ce wancan tsohon yayi ne, to a Dandaji, duk a jihar Tawa, 'yar Nijar mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun kammala sabon masallaci da ɗakin karatu a 2018, da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, ƙasar wurin, maginan wurin. A Barkina Faso kuma Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da ginin ya bar iska tana ratsawa, a 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Ku lura, shi ma ƙarfe ya sa, amma laima ya yi da shi. Waɗannan duk maƙwabtanmu ne, ranarsu ranarmu, ƙurarsu ƙurarmu. Kakanninmu da suka yi soro da azara, bango mai kauri da ƙaramar taga, ba jahilci ya sa su ba, sun san garin da suke.

Kuma wai shin me mai zuwa ofis a Illela yake nema a fuskar gini? Wanda ya ga direbobin da suka yi makonni a ƙarƙashin motocinsu lokacin da aka rufe iyaka a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, ya san amsar. Inuwa yake nema. Baranda mai faɗi, benci, randar ruwa, dogon yaro biyu ko uku a ƙofa. Kuɗin rigar fuska guda ya isa a yi duk wannan har a samu canji.

Dalilin da ya sa na ga maganar ba ta jira shi ne, a Oktoba 2024 an ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela ta dire Badagiri, kilomita 1,068. In Allah Ya sa ta tabbata, ofisoshi za su biyo ta, na hukuma da na 'yan kasuwa, bankuna, otal-otal, masaukin direbobi. Masu kawo faranti sun riga mu lissafi. Abin da aka hana sayarwa a wata ƙasa ba ya komawa masana'anta a narke shi, kasuwar da ba a tambaya yake nema.

Don haka ga abin da nake kira a kai. Hukumar SON da jami'an kwastan su ne a bakin tashar ruwa, su ya kamata su san wane iri ke shigowa, a tilasta rubuta irin cikin a bayan kowane faranti. Hukumar tsara birane ta jihar Sakkwato, kafin ta sa hannu a takardar gini, ta nemi shaidar gwajin wuta, musamman ga asibiti, makaranta, otal da gidan mai. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, ba sabon abu ake roƙo ba. Injiniyoyinmu da masu zane kuma su ji tsoron Allah su daina sa hannu a abin da ba su duba ba. In dole sai an sa rigar, a sa wadda wuta ba ta ci, fara ko mai haske, a bar mata kafar iska, a sa abin tare wuta a ratar tsakanin hawa da hawa da kewayen tagogi, a raba ta da waya da janareta.

Kai kuma Alhaji mai gini, ranka ya daɗe, kafin hukuma ta farka akwai abin da za ka iya yi da kanka, ko kwabo ba zai ci maka ba. Ka ce a yanko maka guntu daga cikin kayan da aka sauke a wurin aikinka, ba wanda aka zo da shi a jaka don nuni ba. Ka dubi cikin. Mai roba tsantsa galibi baƙi ne, mai garin ma'adinai fari ne ko toka-toka, ko da yake kala kaɗai ba ta isa shaida ba. Ka ɓare fallen, ka fita fili nesa da komai, ka kara masa wuta. In ya kama yana ɗiga kamar leda, kuma ya ci gaba da ci bayan ka janye hannunka, to ka san abin da za ka lulluɓe ma'aikatanka da shi.

In kuma akwai mai sayar da faranti da yake ganin na ɓata masa kasuwa ba da hakki ba, ƙofa a buɗe take. Ya ɗauko guntu daga cikin kayan shagonsa ya same ni ranar Lahadi a kasuwar Illela, gaban jama'a. Ni zan zo da ashana.